Sassaƙen Mumuye da Suka Fi Suna a Turai

Idan aka ambaci Mumuye a kasuwannin Arewa, doyar Zing ce ke fara faɗo wa mutum a rai. A Faris da Landan kuwa, mutum-mutumin itace ne suka sa aka san wannan al'umma ta jihar Taraba, wadda ta fi yawa a Zing da Yorro da kewayen Jalingo, a gindin duwatsun Shebshi.

Duk wanda ya taɓa ganin ɗaya ba zai sake kasa gane shi ba. Kai ɗan ƙarami, sau da yawa da tukku a samansa. Wuya dogo, jiki siriri, ƙafafu gajeru masu gaɓa-gaɓa. Wasu na da manyan kunnuwa hudaddu, irin yadda matan Mumuye na da suke huda nasu. Gwanintar dai tana wajen hannuwa. Masassaƙi kan rarake itacen har hannuwan su rabu da gangar jiki, su sauko suna kewaye ta, a bar fili a tsakani. Daga gungume ɗaya ake fitar da wannan duka, ba haɗi ba ƙusa, kuma gizago ne da wuƙa kayan aikin. Kuskure kaɗan, hannu ya karye, aiki ya lalace.

Ba don ado aka yi su ba. Masu duba da masu magani da masu roƙon ruwa ne suke ajiye su, ana fito da su wajen neman waraka, ko sasanta rigima, ko rantsar da wanda ake zargi.

Tun cikin shekarun 1920 Henry Moore, shahararren masassaƙin Ingila, ya zana ɗaya daga cikinsu da ya gani a gidan tarihin Birtaniya. Amma tururuwar fitarsu ta zo ne a ƙarshen shekarun 1960, lokacin yaƙin basasa, inda dillalai suka riƙa tsallakar da su ta Kamaru zuwa Turai, alhali tun 1953 akwai dokar da ta hana fitar da kayan tarihi ba izini. Yawancinsu sun tafi ba sunan masassaƙi, ba sunan ƙauye. A ganina wannan ce asarar da ta fi ciwo, domin kaya ana iya dawo da su, amma dattijon da ya san tarihinsu ya riga ya kwanta dama.

A 2011 gidan tarihi na Fowler da ke Los Angeles ya baje kolin fasahar kwarin Binuwai, sassaƙen Mumuye na cikin abubuwan da aka nuna. Mu nan hankalinmu na kan tagullar Benin kawai. Wani zai ce ai gumaka ne, ina ruwanmu? Adana abu don sanin tarihi daban, bauta masa daban. Ya kamata gwamnatin Taraba da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa su tura masu bincike ƙauyukan Zing da Yorro, a naɗi bayanan tsofaffin da suka rage tun suna raye.