Etanol a Cikin Fetur: Lissafin Gwamnati da Lissafin Bakanike

A shekarar 2014, etanol ɗin da ke cikin fetur a Indiya bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. A watan Yunin 2022 ya kai kashi 10, a 2025 kuma ya taɓa kashi 20, shekara biyar kafin wa'adin 2030 da aka ɗiba tun farko. Brazil ta daɗe da wuce nan: tun 2015 etanol ɗin feturinta ya kai kashi 27, a watan Agustan 2025 ta ɗaga shi zuwa 30. A Amurka kusan duk fetur ɗin da ake sha a gidan mai E10 ne, wato kashi 10 etanol, sauran fetur.

Ba masu ƙera injin ne suka roƙi wannan sauyi ba. Brazil ta ƙaddamar da shirin Proálcool a 1975, bayan farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, ga rake jibge kasuwar sukari ta faɗi. A Amurka manoman masara ne ke da baki a siyasa, sai kuma aka gano sinadarin MTBE da ake zubawa a fetur yana gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, aka nemi madadinsa. Dokokin 2005 da 2007 suka wajabta wa kamfanonin mai gaurayawa, har ta kai yau fiye da sulusin masarar ƙasar masana'antar etanol take tafiya. Indiya kuwa fiye da kashi 85 na ɗanyen man da take sha daga waje take sayowa, ga kamfanonin sukari da manoman rake ke bi bashi shekara da shekaru. Kuɗin ƙetare, manoma, ƙuri'a. Batun tsabtace muhalli ana ambatarsa, kuma a kan rake yana da ƙarfi, amma a kan masara, idan aka lissafa taki da dizal da filin da aka cinye, har yau masana ba su daina jayayya ba.

Sai dai duk abin da aka yanke a majalisa, cikin silinda yake ƙarewa, inda injin ba ruwansa da siyasa, ma'auni kawai ya sani. Kafin giram ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus yana buƙatar iska giram 14.7. Etanol ya zo da oksijin a jikinsa, kusan kashi 35 na nauyinsa, don haka iska giram 9 ta ishe shi. Da an gauraya su sai ma'aunin ya sauko: E10 wajen 14.1, E20 wajen 13.5, E85 wajen 9.8. Ma'ana, iskar da injin ya saba zuƙa yanzu tana neman mai fiye da na da. Duk wanda ya taɓa girki a risho ya san yadda abin yake: lagwani ya yi tsawo, wuta ta yi ja ta baƙanta gindin tukunya, ya yi gajarta, wutar ta riƙa tsinkewa. Etanol ɓangaren tsinkewar yake tura injin. Ga kuma ƙarfin da ke cikin litarsa, wanda ya gaza na fetur da kusan sulusi, shi ya sa tankin E10 ke rage tafiya da wajen kashi 3 ko da injin lafiyarsa ƙalau.

Nan ne motoci suka rabu gida biyu.

Kafireto ba ya tunani. Rami ne aka huda a jikin tagulla, jet kamar yadda makanikai ke kiransa, iska ta wuce ta ja mai gwargwadon faɗin ramin. Zuba masa E10, cakuɗin zai yi ƙarancin mai da kusan kashi 4. Yawancin injuna kan shanye wannan, domin dama masu ƙera su kan bar ɗan rarar mai. A E20 giɓin ya ninka, rarar ta ƙare. Sai ka ga babur yana wuyar tashi da safe sai an ja cok, sulo ba ya tsayuwa, ka murɗa totur ya yi jim kafin ya amsa, salansa na tartsatsi idan an saki wuta a gangara. Kwance fulogi ka duba bakinsa: maimakon launin ƙasa-ƙasa sai ka tarar ya yi fari fat. Injin da iska ke sanyayawa, irin na babur da ƙaramin janareta, shi ya fi jin jiki, don zafin kan taru a bawul ɗin fitar da hayaƙi da kan fistin.

Maganin sananne ne, a buɗe sukurun cakuɗi kaɗan, a sa jet mafi girma. Amma akwai tarko a nan. Man da ke wucewa yana bin faɗin bakin ramin gaba ɗaya ne, saboda haka ƙarin kashi 4 a tsakiyar ramin daga gefe zuwa gefe yana ba da ƙarin mai kusan kashi 8. Bakaniken da ya ɗauki waya ko allura ya sosa jet da ido, kafin ya ankara ya wuce gona da iri. Fulogi ya koma baƙi ƙirin, mai babur ya dawo yana kukan shan mai. Kuma gyaran na man da aka yi shi dominsa ne kawai. Gobe in aka sha fetur zalla, sai a sake.

Motar injekta tana da kunne a cikin salansa. Na'urar auna oksijin, wadda Bosch ta ƙera kuma Volvo ta fara sawa a motocinta a 1976, ba ta san wani 14.7 ba. Abin da take ji shi ne ko oksijin ya yi saura a hayaƙi. In ya yi saura, ƙwaƙwalwar mota ta ƙara wa nozul lokacin buɗewa, ta kuma riƙe wannan gyara a ƙwaƙwalwarta. Shi ya sa miliyoyin motoci suka koma E10 masu su ba su ma sani ba. To amma ikon gyaran yana da iyaka, a motoci da yawa wajen kashi 25. Motar da famfon manta ya gaji, nozul ya toshe, ko tiyo ke satar iska, ta riga ta cinye rabin wannan dama. Etanol ya zo ya ƙarasa, fitilar cek ta kama, a jona kwamfuta a ga lambar P0171, wato mai ya yi ƙaranci a cakuɗin. Sau da yawa ba man ne ya kawo cutar ba, tona ta kawai ya yi.

A Indiya an san da wannan tun kafin a fara. Rahoton hukumar NITI Aayog na 2021 ya ƙiyasta cewa motocin da ba a ƙera su don E20 ba za su iya rasa kashi 6 zuwa 7 na nisan tafiya, babura kashi 3 zuwa 4, waɗanda aka daidaita musamman kuwa kashi 1 zuwa 2. Sai daga Afrilun 2023 yawancin kamfanoni suka fara fitar da sababbin motoci masu roba da tiyo da ke jure E20. Yawancin motocin da aka saya kafin nan, da tsohon tsari suke tafiya. Da E20 ya mamaye gidajen mai a 2025 ƙorafi ya cika gari, har aka kai ƙara Kotun Ƙoli ana neman a bar fetur zalla ga mai so; kotun ta kori ƙarar a watan Satumba. Gwamnati ta samu abin da take nema, ta rage kashe dala, manoman rake sun samu kasuwa. Masu kiwon kaji kuwa sun koka da tsadar masara. A ganina inda Indiya ta yi sake ba a kashi 20 ɗin ba ne, a hana zaɓi ne, da kuma sayar da litar da ta fi rauni ba tare da rage mata kuɗi ba.

Brazil ta sha nata ɗacin da wuri. Bayan Fiat 147 ta fito a 1979 tana shan etanol zalla, motoci irinta sun cika titi, sai ƙarancin etanol na 1989 ya bar masu su a layi. Abin da ya dawo da amana shi ne motar da ke shan kowanne, wadda Volkswagen Gol ta buɗe wa hanya a 2003. Direban Brazil yana da lissafinsa a ka: in farashin etanol bai kai kashi 70 na fetur ba, shi zai sha. Ita ma Amurka da ta amince da E15, ga motocin 2001 zuwa sama ta amince, ta haramta shi ga babura da jiragen ruwa da ƙananan injuna.

Akwai kuma waɗanda etanol ya zame wa gaba ta kai su, wato masu ƙara wa mota gudu. Oktan ɗinsa ya haura 100, yana kuma sanyaya iskar da ke shiga silinda, don haka mai turbo zai iya matsa injin ba tare da ya fara ƙwanƙwasa ba. Kuɗinsa shi ne manyan nozul, babban famfo, da mai kusan kashi 30 fiye da da. Su ma suna da ciwon kansu: abin da ake kira E85 a Amurka yana iya zama kashi 51 zuwa 83 gwargwadon yanayi, shi ya sa masu hankalinsu ke ɗaura na'urar auna etanol a kan tiyon mai.

Mu a nan abin ya shafe mu ta ƙofar baya. Najeriya ta fitar da manufar E10 tun 2007, ba ta kankama ba. Amma baburan Bajaj da TVS da A Daidaita Sahu daga Indiya suke zuwa, da yawansu da kafireto. Tokumbo kuwa, nawa ne aka cire musu matatar hayaƙin da makanikai ke kira indomi, na'urar oksijin ta mutu shekaru ba a canza ba, fitilar cek an liƙe ta da baƙin salatif? Irin wannan mota kurma ce, ba za ta ji man ya canza ba. An ɗanɗana a Fabrairun 2022, lokacin da fetur mai yawan metanol ya shigo ƙasar, injuna suka lalace, layin mai ya dawo. Metanol ya fi etanol tsanani, iska giram 6.4 kawai yake buƙata. Dukansu kuma suna jan ruwa. Janaretan da aka bari da mai a tanki duk damina, ruwan da etanol ɗin kan rabu da fetur su kwanta a ƙasa, daidai inda tiyo ke zuƙa.

Famfon gidan mai a nan ba ya faɗa maka abin da ke cikin man, balle jarkar ɗan bumburutu. Gwajin da bakanike zai iya yi da kansa ba ya buƙatar kwamfuta. A samu siririyar kwalba mai ma'auni, a zuba ruwa mililita 10, a cika da fetur zuwa 100, a toshe, a girgiza, a ajiye minti biyar. In fetur zalla ne layin ruwan zai tsaya a 10. In E10 ne zai hau zuwa wajen 18 ko 19, kuma da wannan lambar ake sanin jet ɗin da za a nema kafin a taɓa sukudireba.