Fatsar Mutanen Duwatsun Japan

'Yan'uwa manoma, a wannan wata za mu duba wata fatsa ta ƙasar Japan da ake kira tenkara. Masuntan ƙauyukan duwatsu ne suka fara ta, suna kama kifi a ƙananan rafuffuka su sayar, su ciyar da iyali. Kayanta uku ne kurum: sanda, zare da ƙugiya. Babu abin naɗe zare. A bakin sanda ake ɗaure shi.

A dā da gora suke yin sandar, zaren kuwa da gashin wutsiyar doki. Sandunan yau suna zugewa su shige cikin juna. Mai koyo yakan zaɓi ta wajen mita 3.6, marar nauyi, mai lanƙwasa a baki. Inda itatuwa suka rufe rafi, gajera ta fi.

Ba su sa tana. Sukan naɗa gashin tsuntsu a ƙugiya ta yi kama da ƙwaro, sunanta kebari. Masunci yakan laɓaɓo, ya jefa ta sama da inda kifi yake, ya ɗaga sanda kada zare ya kwanta a ruwa, yana ɗan motsa ta har kifi ya kai cafka.

Ku lura, mai fatsa ɗaya-ɗaya yake kamawa, ya bar na gobe. Wanda ya zuba maganin ƙwari a rafi kuwa ya kashe manya da ƙanana, ya ɓata ruwan sha. Allah ya ba mu amanar halittarsa. Mu tattauna wannan a taron ƙungiya mai zuwa.