Zafin Bazara da Aikin Shimfiɗa Wayar Gilashi a Yankin Bakolori

A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda dalilan tsaro, mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun sun ga yadda ciniki da aika kuɗi suka dogara ga waya. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa wayar gilashi mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin Nijeriya. A wannan yanki na madatsar ruwan Bakolori, inda zafi kan haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, rana na iya nakasa wayar tun kafin ta soma aiki.

Wayar gilashi tana ɗaukar saƙo ne ta hanyar haske, cikin zaren gilashi mai kaurin kusan silin gashi. Zafin rana ba ya cutar da gilashin kansa. Raunin yana ga robar da ke lulluɓe da shi. Baƙar rigar wayar tana zuƙar zafi har ta zarce iskar wurin ɗumi. Idan aka ja ta tana da taushi sai ta miƙe, in ta huce kuma ta ƙanƙance, ta matse zaren. Ƙananan lanƙwasar da ke biyo baya suna zubar da haske, saƙo ya raunana, alhali ido bai ga lahani ba.

Bututun robar da ake zura wayar ma haka yake. Mai tsawon mita 100 kan rage da santimita 30 zuwa 40 idan zafinsa ya sauka da digiri 20. Wanda aka haɗa da tsakar rana kan zame daga mahaɗarsa da dare.

Rigakafin bai wuce matakai kaɗan ba. A ajiye naɗin wayar a inuwa ko ƙarƙashin rumfar tamfol mai shan iska. A yi aikin ja da sanyin safiya ko bayan la'asar. A bar bututu ya huce cikin rami kafin a haɗa shi a binne. Inda ake tura waya da iskar kwamfuresa, wajibi ne a sanyaya iskar, domin takan fito da zafi. A shafa man santsi don rage guga, kuma kada faɗin lanƙwasa, daga tsakiyarta zuwa wayar, ya gaza ninki 20 na kaurin wayar yayin ja. Inda waya ta fito fili, kamar gefen gada, a sa ta cikin bututun ƙarfe saboda wutar da ake cinna wa ciyawa da rani.

Daga ƙarshe, a auna hasken kowane zare kafin shimfiɗawa da bayanta. Sauya lokacin aiki ba ya cin kuɗi, amma tono wayar da ta lalace a ƙarƙashin ƙasa yana cin dukiya, yana kuma barin garuruwa babu sadarwa.