Ƙidayar Masu Ƙetare Kogin Kaduna

Duk wanda ya nemi sanin adadin mutanen da ke fita daga unguwar Makera da ke kudancin Kogin Kaduna kowace safiya, da inda suke dosa, da abin da suke hawa, zai tarar al'amarin ya fi wuya a yau bisa ga yadda yake a zamanin masaƙu, domin tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙu irin su UNTL da Arewa suka biyo baya, jiniyar canjin aiki ce ke tsara zirga-zirgar kudancin kogi, kuma littafin albashin kowace masaƙa ya ishi mai bincike hujja. Masanin tsara birane Max Lock, wanda ya binciki Kaduna ya fitar da rahotonsa a 1967, garin da ya auna ke nan. Amma KTL ta rufe a 2002, rikicin shekarar 2000 ya sauya wa dubban iyalai matsuguni tsakanin kudu da arewacin kogi, har tsohon lissafi ya zama tarihi.

A Landan katin Oyster, a Legas kuma katin Cowry, su ke rubuta shigar fasinja ba tare da an tambaye shi ba. A Makera kuwa, inda ake miƙa wa kwandasta ko mai Keke Napep kuɗi hannu da hannu, tafiya ba ta barin alama. Tikitin da 'yan ƙungiyar NURTW ke yanka wa direbobi mota yake ƙirgawa, ba ya faɗin ko ta tashi cike ko da rabin lodi. Ƙidayar 2006, wadda ta ba ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu mutum sama da dubu 400, inda jama'a ke kwana ta nuna, alhali tambayarmu inda suke wuni ce.

Sai dai Allah ya yi wa garin wata baiwa, wato kogin kansa. Gadojinsa kaɗan ne, saboda haka wanda ya ajiye masu ƙirga a bakin gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello da ta hanyar Nnamdi Azikiwe, daga sallar asuba zuwa isha'i, ranar aiki da Juma'a da Lahadi, ya kama galibin masu nufin Kasuwar Sheikh Gumi da Kawo. Abin da gada ba za ta faɗa ba, kamar dalilin tafiya da kuɗin da ta ci, sai a bi gida gida a tambaya.

Ni a ganina, kada a raina ɗan kamasho, wanda ya san sa'ar da lodi ke cika fiye da kowane ofis. Illa dai a ɗauki maganarsa yadda malaman hadisi ke ɗaukar riwayar mutum guda, a nemi mai ƙarfafa ta daga wata tashar, ko a Kakuri ko a Sabon Tasha, kafin a shigar da ita littafi.