Giris Kaɗan, Amma a Kan Kari

A saman tsohon injin Lister, irin mai silinda ɗaya da manyan tayoyin ƙarfe biyu da aka daɗe ana juya injin niƙa da shi a garuruwanmu, akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da bai fi murfin kwalbar magani girma ba. Murfinsa mai zare ne. Ana kwance shi a cika da giris a mayar, daga nan duk sa'ad da mai kula da injin ya murɗa shi rabin zagaye, sai ya danna giris ta wata siririyar hanya zuwa cikin sandar da hannuwan bawul ke lilo a kanta. Ba a kashe injin, ba a kwance komai, yatsa ma ba ya taɓa giris ɗin, balle garin masarar da ke tashi a ɗakin ya samu shiga. Kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila ya fara ƙera irin wannan inji wajen 1930, kuma har yau masu kwaikwayonsa a Indiya ba su yar da ƙoƙon ba. Ina ganin wannan ɗan abin da ba a kulawa da shi ya ƙunshi dukan ilimin shayar da inji. Ƙarfen da ke gogar ƙarfe kaɗan yake so, mai tsabta, a kai a kai, kuma wannan aiki ne da ɗan Adam ba ya iya riƙe shi da ka. Shi ya sa nake ganin na'urar da ke ciyar da giris da kanta ta cancanci kuɗinta, musamman a ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu.

Sai mun fara sanin abin da mai ke yi a tsakanin ƙarafa kafin hujjar ta zauna. A 1883 wani injiniya Bature mai suna Beauchamp Tower yana gwajin irin gammon da sandar ƙafafun jirgin ƙasa ke juyawa a ciki. Ya huda rami a samansa don ya dasa abin zuba mai, sai ya ga mai yana ɓulɓulowa ta ramin. Ya toshe da katako, man ya tunkuɗo katakon waje. Ashe juyawar sandar ce ke jan mai ƙarƙashinta da ƙarfin da zai ɗaga ta, har ta koma tana iyo a kansa ba ta taɓa ƙarfen da ke kewaye da ita. Bayan shekara uku, a 1886, Osborne Reynolds ya fitar da lissafin da ya bayyana haka. A cikin boris kuwa, inda ƙwallayen ƙarfe ke birgima, wannan fatar mai takan kasa kaurin maikiron ɗaya, alhali silin gashin mutum yana kai kimanin maikiron 70. Abin da ke tsakanin inji mai lafiya da inji mai cin kansa bai wuce wannan ba. Shi kuwa giris mai ne da aka daskarar da wani irin sabulu, sabulun yana riƙe man kamar yadda soso ke riƙe ruwa yana sakinsa sannu a hankali. Ana sa shi inda baƙin mai zai zube ya tsere: boris ɗin fanka da na famfon ruwa, mahaɗan farfela, fil-fil ɗin hannun katafila, ƙarƙashin tirela. Cikin inji kansa yana da famfon baƙin mai da ke zagaya shi. Waɗannan gaɓoɓin na waje su ne marayu, sai wanda ya tuna da su.

Tarihin waɗannan na'urori tarihin rage dogaro ga tunawar mutum ne. A zamanin jirgin ƙasa mai tururi, dole a riƙa tsayar da jirgi bayan 'yar tafiya, ma'aikaci ya sauka da butar mai ya bi gaɓa-gaɓa yana ɗigawa. Cikin masu wannan aiki a layin Michigan Central na Amurka akwai Elijah McCoy, baƙar fata, wanda aka haifa a Kanada, iyayensa bayi ne da suka tsere daga Kentucky. Ya koyi aikin injiniya a Edinbara ta Sikotilan, amma da ya je neman aiki sai aka ba shi shebur da butar mai, saboda launin fatarsa. A 1872 ya yi rajistar wani ƙoƙo da ke amfani da ƙarfin tururi yana ɗiga mai cikin silinda alhali inji na aiki. Wasu sun riga shi ƙera abu mai kama da haka, kuma nasa na ruwan mai ne, amma ya yi ta gyara shi har ya tara rajistar ƙirƙira sama da hamsin, galibinsu a kan wannan fanni. Giris ya bi sahu daga baya. Wajen 1916 wani saurayi a Chicago, Arthur Gulborg, wanda aikinsa cika ƙoƙunan injunan masana'anta ne, ya haɗa famfon hannu da tiyo da ɗan kan ƙarfe da ake dasawa a jikin gaɓa, kuma daga nan bindigar giris ta samo asali, ta kamfanin Alemite. A 1929 Oscar Zerk, haifaffen Biyana, ya samu rajistar irin kan nonon girisin da sunansa ya bi har yau. Wanda ya duba irin da ake amfani da shi yanzu da kyau zai ga 'yar ƙwallon ƙarfe a bakinsa, da siririn sifirin a bayanta. Bindiga ta danna, ƙwallon ta ja da baya giris ya wuce. An cire bindiga, ta dawo ta rufe ƙofa a fuskar ƙura.

To, in akwai bindiga da yaron gareji, me kuma ake nema? Nan ne gardamar take. Bindiga ta magance wahalar shigar da giris, ba ta magance lokaci da awo ba. Abin da aka saba gani shi ne a bar gaɓa makonni ba ta ga komai ba, ran da ta fara kuka a zo a ɗura mata har sai ya tumbatso ta kowane gefe, a ce an ƙoshar da ita. Yunwa ce da ƙoshin wake a jere, kuma kowannensu ɓarna ne. Kukan boris alama ce cewa ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe, giris ba ya mayar da abin da ya zaizaye. Cikawar kuma tana da nata sharrin: ƙwallaye su yi ta dama giris kamar ana dama fura, zafi ya tashi, man ya rabu da sabulunsa ya tsiyaye, a bar busasshen tuƙa. Bindigar hannu mai kyau tana iya kaiwa matsin da ya doshi 700 a ma'aunin bar, wanda ya ninka iskar tayar ƙaramar mota sau ɗaruruwa, kuma robar da ke tare bakin boris ba ta jure ko kusa da haka. Da ta fashe, an buɗe wa ƙura hanya ke nan. Kamfanin SKF na Suwidin, ɗaya daga manyan maƙeran boris a duniya, yana da wani sauƙin lissafi na yawan girisin da za a ƙara ta gefe: a ninka faɗin boris na waje da kaurinsa, a milimita, sannan a ninka da 0.005, abin da ya fito shi ne giram. A ɗauki boris mai lamba 6205 da ke cikin injuna da yawa, faɗinsa 52, kaurinsa 15. Amsar ba ta cika giram huɗu ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi. Kamfanin ya kuma ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na borisan da ke mutuwa kafin lokacinsu, matsalar mai ce ta kashe su, ko dai an sa wanda bai dace ba, ko an sa ba daidai ba.

Na'urar zamani tana yin abin da ƙoƙon Lister ke yi, sai dai ta ɗauke har murɗawar. Mafi sauƙinta wata 'yar gwangwani ce mai ɗaukar kimanin mililita 125, ana ɗaura ta a mazaunin kan nonon giris. A cikinta akwai abin da ke samar da iskar gas sannu a hankali, ko ƙaramin inji mai batir, yana tura fistin, fistin yana tura giris. Ana saita ta ta ƙare cikin wata ɗaya ko har wata goma sha biyu. Manyan motoci da injunan haƙa kuma suna da tanki ɗaya da famfo, da siraran bututai da ke kaiwa ga gaɓoɓi da dama, kowace da awonta, ana ba ta alhali tana motsi, wanda shi ne lokacin da giris ya fi zagaya ko'ina. Dabarar ba sabuwa ba ce, don tun shekarun 1920 motocin Packard da Rolls-Royce suka ɗauki tsarin Joseph Bijur mai raba mai daga wuri guda.

Akwai masu cewa duk wannan ya zama tsohon yayi, tunda yanzu boris a rufe yake zuwa da girisinsa daga masana'anta, ƙananan motoci ma da wuya ka ga kan nono a jikinsu. Gaskiya ne, kuma inda nauyi bai da yawa, rufaffen boris ya fi, domin ba ya ba hannu mai datti dama. Amma a lura, idan aka ce girisin zai kai tsawon ran boris, abin da ake nufi shi ne ran boris ɗin ya ƙare ranar da girisin ya ƙare. Zafi kuwa yana gaggauta wannan rana. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, da zarar zafin boris ya haura digiri 70, kowane ƙarin digiri 15 yana raba kwanakin giris biyu. Injin da ke aiki a rumfar kwano a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inda iskar waje kanta ta wuce digiri 40, ya fara ne daga rabin hanya. Ga kuma hunturu, da ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, ciki har da kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Yashin da ke cikin ƙura ya kai ƙarfen boris tauri ko ya fi, kuma ƙwayarsa ta fi fatar man nan kauri, don haka idan ta shiga sai giris ya koma abin wasa wuƙa. Fil ɗin bokitin katafila ko hannun tarakta ba ya rufuwa ruf. Abin da ke kare shi shi ne sabon giris da ke turowa daga ciki kullum yana korar datti waje, har ka ga ɗan zobe mai sheƙi a bakin gaɓar. Wannan sai ciyarwa a kai a kai.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan raina ta ba: kuɗi. Ana shigo da na'urorin nan da dala, yaron gareji kuwa yana nan, ladansa bai taka kara ya karya ba. Ga mai injin markaɗe ɗaya da gaɓoɓi uku a gaban idonsa, na yarda, bindiga da takardar da aka rubuta ranaku a kai sun wadatar, ƙoƙo mai murfi ma ya isa. Lissafin yana juyawa ne inda gaɓar take a lungun da hannu ba ya kai wa sai an kashe inji, ko kusa da bel mai gudu inda miƙa hannu kasada ce, ko inda tsayawar kwana ɗaya ta fi kuɗin na'urar. Manomin rani da famfonsa ya tsaya alhali tumatir na fure, ko mai tirelar da farfelarta ta watse da kaya a tsakiyar daji, ba kuɗin boris kaɗai ya yi asara ba. Kwamitin da Peter Jost ya jagoranta a Birtaniya ya ƙiyasta a 1966 cewa ƙasar za ta iya tsimin fam miliyan 515 a shekara in ta kula da gogayya da zaizayar ƙarafa, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin daga gyara da sauya kaya da tsayawar aiki yake, kuɗin man kansa ɗan kaɗan ne a ciki.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta uku, cewa na'ura tana sa mutum ya saki jiki. Bakanike mai zagayawa da bindiga yana ganin tsagewa, yana jin ɗumin da ya wuce kima da tafin hannu, yana jin sauyin ƙara. Idan aka ɗauke masa zagayen, an ɗauke idon da kunnen. Bututu kuma yakan toshe ko ya tsinke a ɓoye, tanki na raguwa kowa na murna, gaɓa tana can a bushe. Wannan haɗari ne na gaske, kuma maƙera sun san da shi, shi ya sa ake yin gwangwanin da roba mai nuna ciki don a ga inda fistin ya kai, kuma a wani tsarin na bututai, toshewar layi ɗaya tana tsayar da sauran duka har matsi ya tashi alama ta nuna. Amsar dai ita ce zagayen ya ci gaba, aikinsa ne ya sauya daga ɗurawa zuwa dubawa. Akwai kuma abin da na'ura ba ta iya gyarawa. In an cika tankinta daga bokitin da ya kwana a buɗe a gareji, da tsinken katako a tsaye a ciki, to za ta raba yashi ga kowace gaɓa daidai wa daida, a kan kari. In an haɗa giris iri biyu da sabulunsu bai jitu ba, cakudar takan yi ruwa ta zube. Ita kuma gwangwani mai gas tana saurin ƙarewa idan zafi ya yi yawa, don haka wadda aka saita wa wata shida bisa yanayin Turai tana iya yin fanko kafin nan a bazararmu. Wanda ya ɗaura ta a watan Maris, ya rubuta ranar a jikinta da alƙalami, ya kuma leƙa fistin ɗin kowane mako har damina ta sauka.