Sarrafa Saiti da Zurfin Fage a Ɗaukar Hoto don Sha'awa

1.0 Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin bayyana dalilin da ya sa wani sashen hoto yake fitowa tangaran, wani kuwa ya yi dishi-dishi. Maganarmu ta fi shafar masu ɗaukar hoto don sha'awa, waɗanda galibi a taron dangi suke ɗauka, inda idan hoto ya ɓaci ba a sake tara mutanen. Manufarmu ita ce mu nuna cewa kaifin hoto zaɓi ne da mai ɗauka yake yi, kuma kowane zaɓi da irin kuɗin da ake biya masa.

2.0 Ma'anar Saiti da Zurfin Fage

Tun a ƙarni na 11 Ibnul Haisam ya yi bayanin yadda haske yake ratsa 'yar kafa ya zana sura a cikin ɗaki mai duhu. A irin wannan kafa, na kusa da na nesa kaifinsu ɗaya ne, sai dai hasken ba shi da yawa. Gilashin kyamara ya magance ƙarancin haske, amma ya zo da sharaɗi, watau a nisa guda ɗaya tak yake iya tattara haske sosai. Zaɓen wannan nisa shi muke kira saiti.

Duk ɗigon da yake gaba ko bayan wurin saiti, ɗan da'ira yake zama a jikin fim. Muddin da'irar ba ta wuce kimanin milimita 0.03 a fim mai milimita 35 ba, ido ba ya bambanta ta da ɗigo a hoto madaidaici. Saboda haka akwai tazara gaba da bayan wurin saiti wadda ido yake karɓa a matsayin mai kaifi. Wannan tazara ita ce zurfin fage.

3.0 Abubuwan da Suke Sarrafa Zurfi

3.1 Kafar haske. Ana auna ta da lambobi kamar haka: f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙanƙantar kafa, kuma kowane mataki yana rage rabin haske. Alal misali, gilashi mai milimita 50 da aka saita a mita 3, a f/2 zurfinsa daga mita 2.8 ne zuwa 3.2, a f/8 daga 2.3 zuwa 4.2, a f/16 kuwa daga 1.9 zuwa 6.9.

3.2 Nisa. Idan mai ɗauka ya matso zuwa mita 1 da wannan gilashi a f/8, zurfin zai koma kimanin santimita 18 kacal.

3.3 Tsawon gilashi. A mita 3 da f/8, gilashi mai milimita 135 bai fi santimita 23 yake bayarwa ba, alhali mai milimita 28 yana kamawa daga mita 1.6 har fiye da mita 30.

Waɗannan alƙaluma suna kuma gyara wata ƙa'ida da ta yaɗu, wai sulusin zurfi yana gaba, sulusi biyu suna baya. A f/8 maganar ta yi kusa da gaskiya, amma a f/2 gaba da baya kusan kunnen doki suke.

4.0 Misali a Aikace

Mu ɗauka an jera dangi sahu uku, na farko a mita 2.5, na tsakiya a mita 3, na baya a mita 3.8. Idan aka saita a kan na tsakiya da f/2, su kaɗai za su fito, fuskokin sauran su dushe. Da f/8 kuwa kowa zai fito. To, amma daga f/2 zuwa f/8 mataki huɗu ne, watau haske ya ragu zuwa kashi 1 cikin 16. Ƙyauren kyamara da zai buɗe na 1/500 na daƙiƙa, yanzu sai ya yi 1/30, kuma a wannan jinkiri motsin yaro ko rawar hannu ya isa ya ɓata hoton baki ɗaya. Mafita ita ce a ƙara lambar ISO a haƙura da ɗan tsakuwa-tsakuwa a hoto, ko a ja da baya, ko a matse sahu, ko a fitar da mutane inda haske ya wadata.

Ga mai ɗaukar fili ko gari, akwai wani nisa wanda idan an saita a kansa, kaifi zai kama daga rabinsa har iyakar gani. Ga gilashi mai milimita 50 a f/8, kimanin mita 10.5 ne. Sai dai tsuke kafa ainun, kamar f/22, yana sa haske ya bazu a gefenta, kaifin hoto duka ya ragu.

5.0 Matsayin Na'ura

Kyamara mai saita kanta ta shiga kasuwa da Konica C35 AF a 1977, Minolta 7000 ta yaɗa dabarar a 1985. Wayar hannu kuwa gilashinta gajere ne ƙwarai, shi ya sa zurfinta yake da yawa. Dusashewar baya da ake gani a hotunanta, irin wadda iPhone 7 Plus ta fito da ita a 2016, lissafin kwamfuta ne. Na'ura tana auna nisa, amma ba ta san wane ne ya fi muhimmanci a cikin taro ba.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa zurfin fage abu ne mai lissafi, ba sa'a ba. A 1932 Ansel Adams da Edward Weston da abokansu suka kafa ƙungiyar f/64 a Amurka don fifita hoto mai kaifi ko'ina, mai ɗaukar fuska kuwa yakan buɗe kafa ya saita a kan ido don baya ya dushe. Duka biyu daidai ne, muddin da niyya aka yi. Shawararmu ga malamai ita ce su sa ɗalibi ya ɗauki abu guda a f/2 da f/8 da f/16, ya jera hotunan ya kwatanta, kafin a shiga lissafi.