Shekaru Biyu Kofi Yana Kwana a Maiduguri

A 1991 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke Kano Pillars 3-2 a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, alhali ƙungiyar ba ta wuce shekara biyar da kafuwa ba. Muna yara a Gwange lokacin, a rediyo muka ji. Washegari duk lungu ya zama fili: duwatsu biyu a madadin raga, ƙwallon tsumma, ƙafa ba takalmi, ƙura har cikin hanci.

Ni dai 1992 ta fi burge ni, domin riƙe kofi ya fi ɗaukarsa wuya. El-Kanemi ta doke Stationery Stores ta Legas 1-0, ta riƙe kofin. Daga nan kofin bai sake dawowa Borno ba sai 2024.